Makwancin babban kare: Darasi daga zafin Fachi da sanyinta

Fachi ƙaramin gari ne a tsakiyar hamadar Tenere, cikin jihar Agadas a Jamhuriyar Nijar, mai mutane kimanin 2,000, galibinsu Barebari. An san shi da gishiri da dabino, kuma zango ne ga ayarin raƙuman Abzinawa masu zuwa Balma ɗauko kantu. Da bazara zafi a nan kan haura digiri 40, rairayi ya gagari tafin ƙafa. A watan Janairu kuwa sanyin dare kan sauko ƙasa da digiri 10. Duk dabbar da ke kwana a ƙasa sai ta ɗanɗani duka biyun, shi ya sa wanda ya iya yi wa kare makwanci a irin wannan wuri, zai iya a ko'ina.

Karen da aka fi sani a wannan ɓangare na Sahel shi ne Azawak, wanda ya samo suna daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Makiyaya na riƙe shi don gadin zango da farauta. Dogo ne siriri: namiji kan kai santimita 74 a tsaye, amma da wuya nauyinsa ya wuce kilo 25. Fatarsa ba ta da kauri, gashinsa gajere, kitse kusan babu. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin jinsi na musamman. Jikin da ke taimaka masa fitar da zafi da rana, shi ne kuma ke barinsa da rawar ɗari da dare.

A hamada rairayi na lotsawa ya karɓi ƙashin kare. A Kano ko Yamai ko Maraɗi kuwa, daɓen siminti ne. Matasa da dama na kashe maƙudan kuɗi su sayo German Shepherd ko Boerboel don gadin gida, sannan su bar shi yana kwana a kan daɓe ƙarƙashin rufin kwano. Kare kan yi barcin awa 12 zuwa 14 a rana. Idan mai kilo 40 ko 50 ya shafe wannan lokaci a kan siminti, gwiwar ƙafafunsa na gaba sai ta yi kanta, wani lokaci ta tara ruwa ta kumbura, ta fashe ta zama gyambo. German Shepherd dama yana da saurin kamuwa da ciwon ƙugu, taurin ƙasa kuma na ƙara masa zafi. Karen da ke tashi da ƙyar ba zai yi maka gadin kirki ba.

To me za a duba?

Na farko girma. Auna karen yana miƙe daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara kamar santimita 25. Idan ƙafafunsa suna leƙowa waje, makwancin ya yi masa kaɗan.

Na biyu kauri. Nemi soso mai tauri, kaurinsa kamar santimita 10. Danna shi da dunƙulen hannu: in ka ji ƙasa, shi ma karen zai ji. Tsohuwar katifar da ta mutu ba ta da amfani.

Na uku a ɗaga shi daga ƙasa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, don haka yana son iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Kafinta ko mai walda zai iya haɗa ɗan gajeren gado a ɗaure masa tamfol ko igiya. Hakan na rage haɗarin kunama da danshin damina. Lokacin zafi tabarmar kaba ta wadatar a kai, da hunturu a ƙara soso da tsohon bargo.

Na huɗu tsabta. Kaska da ƙuma na ɓuya a ɗinki da tsaguwar katako. A sa wa soson riga mai ciruwa, a riƙa wankewa ana shanyawa a rana duk mako.

Na ƙarshe wuri. A yawancin gidajenmu kare ba ya shiga ɗaki, don haka a zaɓa masa inuwa mai iska, inda zai riƙa hango ƙofa, da ruwa a kusa. Mazauna Turai kuwa su nisanta gadon daga bakin ƙofa mai shigo da sanyi.

Idan kumburi ya riga ya fito a gwiwa, kada a huda shi a gida, a kai wa likitan dabbobi. Kuɗin soso da ladan kafinta ba su kai rabin wahalar jinyar gyambo ba.