Sayen Injin Zarto Mai Tebur da Yadda Za A Kawo Shi Gida

Kaka ta wuce, an sayar da amfani, kuɗi ya ɗan taru a asusun ƙungiya. Waɗansu ƙungiyoyinmu suna shawarar buɗe shagon kafinta domin samari su sami aikin rani, a riƙa yin bencin majami'a, ƙofofi, akwatin zuma da jikin amalanke. Shawara ce mai kyau. Amma injin zarto kuɗin gumin mutane da yawa ne, sai mu yi hankali.

Kafin a dubi inji, a dubi wuta. Wutar Nijeriya da ta Nijar volt 230 ne ko kusa da haka, bugunta 50. Ta Amurka kuwa 120 ce, bugu 60. Tsofaffin injuna da ake shigowa da su suna da araha, amma lalle ne a karanta ɗan allon ƙarfe da ke jikin motar injin. A duba kuma ko na layi ɗaya ne ko na layi uku, gama manyan injuna da yawa ba su tashi sai da layi uku. Inda janareta za a dogara gare shi, a sani cewa mota takan ja wuta ninki biyar ko shida sa'ad da take tashi. Janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da na motar ba zai tashe ta ba. A nemi wanda ya ninka ta wajen sau uku.

Injin iri biyu ne. Akwai ƙarami mara nauyi da mutum biyu za su ɗauka, akwai kuma mai tebur na zubin ƙarfe wanda bel ke juya zartonsa. A ganinmu na biyun ya fi dacewa da ƙungiya. Maɗaci da kirya ba su da wasa, ƙaramin inji yakan yi zafi a kansu ya ƙone. Zarto mai faɗin inci 10 yana yanka kaurin wajen inci 3, mai inci 12 kuwa wajen inci 4. A tambayi girman ramin tsakiyar zarton: na Amurka sau da yawa kashi 5 cikin 8 na inci ne, na Turai milimita 30. In ba a samun irinsa a kasuwar da ke kusa, ranar da haƙora suka dakushe aiki ya tsaya.

Akwai wani siririn ƙarfe a tsaye bayan zarto, kamar wuƙa. Aikinsa shi ne ya hana katako matse zarto, gama in ya matse, injin yakan cillo katakon baya da ƙarfi a cikin mai aiki. Kada a sayi injin da ba shi da wannan, ko wanda aka cire masa murfi, ko da mai kaya ya ce kafintoci ba su damu da su ba. Yatsan da ya tafi ba ya komowa, yaran nan kuwa da hannuwansu za su riƙe garma da damina.

Sai batun kawowa, inda muka taɓa shan wuya. Wata ƙungiya da muke aiki tare ta sayi inji, direba ya iso da magariba yana sauri. Samari shida suka kama shi ta gefen tebur, ya rinjaye su ya faɗi, teburin ya tsage. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, walda kuma da wuya ta mayar da shi daidai. Mun gode wa Allah ba ƙafar kowa a ƙarƙashi.

Irin wannan inji yakan kai nauyin buhun masara biyu ko uku, nauyin kuma a sama yake. Tun wurin ciniki a rubuta ko mai kaya zai kai shi ƙofar shago ne ko tashar gari kawai. A kawo shi da rani, kafin rafi ya yanke hanya. A ɗora shi a tsaye, a ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu, a rufe da tamfol. A gida kuwa a haƙa gangare inda motar za ta shiga da baya har bayanta ya yi daidai da ƙasa. A kwance fukafukan tebur tukuna, sa'an nan a shimfiɗa katako mai kauri, a jera bututun ƙarfe uku ko huɗu, a gangara da shi a hankali. Mutum ɗaya kaɗai zai ba da umarni, yara kuma su tsaya nesa. A auna ƙofar shago tun motar ba ta taso ba.

Ma'aji kada ya sa hannu a takardar kaya sai an buɗe an duba tebur, an juya zarto da hannu, an ƙirga kayan da ke rubuce. In akwai tsaga, a rubuta a takardar a gaban direba. Bayan haka a kafa injin a kan daɓen siminti, mai aikin wuta ya haɗa wayar ƙasa. In na layi uku ne zarto ya juya baya, ba lalacewa ya yi ba, sai mai wutar ya sauya wayoyi biyu.