Tuƙin jirgin sama cikin hazo

Lokacin hunturu, idan hazo ya sauko, mutum yana bakin kasuwa ba ya hangen hasumiyar masallaci. Direban mota sai ya rage gudu, ko ya tsaya gefen hanya. Matuƙin jirgin sama kuwa ba shi da wurin tsayawa. Ko yana gani ko ba ya gani, tilas ya ci gaba har ya sauka. To, ƙaƙa yake yi?

Jiki yana ruɗin mai shi

Can cikin kunne akwai ƙananan bututu uku masu ruwa. Motsin ruwan nan ne ke sanar da mutum ya juya ko ya karkata. Yaron da ya yi wasan hajijiya ya san wannan: ya tsaya cik, amma yana jin ƙasa tana juyawa. Haka ke samun matuƙi cikin girgije ko hazo. Jirgi ya karkata, shi kuwa jikinsa yana ce masa daidai yake tafiya. Idan ya yarda da jikinsa, sai jirgi ya yi ta kewayawa yana gangarowa har ya faɗi.

Maganin wannan shi ne agogunan da ke gabansa. Manyansu shida ne. Na ɗaya yana nuna gudu, na biyu karkatar jirgi, na uku nisa daga ƙasa, na huɗu saurin juyawa, na biyar inda aka dosa, na shida saurin hawa ko sauka. Ranar 24 ga Satumba 1929, wani matuƙi ɗan Amurka, Jimmy Doolittle, ya tashi, ya kewayo, ya sauka, an rufe masa wurin zama bai ga waje ba. Agoguna kaɗai ya bi.

Jirgin da ba ya tashi

Yarda da agogo fiye da jiki abu ne mai wuya, sai da koyo. Koyo cikin girgije kuma akwai haɗari. A 1929 ɗin nan, wani saurayi mai suna Edwin Link ya ƙera akwati mai siffar jirgi. Ya ɗora shi bisa zugazugai irin na kayan kiɗan da ake ƙerawa a masana'antar ubansa. Mai koyo ya shiga, a rufe shi, akwati ya riƙa karkata kamar jirgi. Da farko mutane sun ɗauke shi abin wasa. A 1934, sojojin saman Amurka fiye da 10 suka rasu wajen ɗaukar wasiƙu cikin mugun yanayi. Sai rundunar ta sayi akwati 6. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera fiye da 10.000.

A 1982 kamfanin Microsoft ya fitar da wasan tuƙin jirgi na kwamfuta. Daga nan ɗan makaranta, ko likita, ko tsohon ma'aikaci, yana iya zama ɗakinsa ya ga agogunan nan shida bisa allo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Masu sha'awar wannan wasa sun gane mutum ba ya ƙwarewa shi kaɗai. Suka kafa ƙungiyoyi ta intanet, kamar IVAO a 1998 da VATSIM a 2001. Wani ya zama matuƙi, wani ya zama mai ba jirage hanya, suna magana da murya. Ba mai biyan wani ko dala.

Wanda ya iya yakan ɗauki sabon shiga. Ya sa shi ya cika allo da girgije, don kada ya ga ƙasa. Ya koya masa yawo da ido daga agogo zuwa agogo, kada ya ƙura wa guda. Ya koya masa juyi na ƙa'ida: digiri 3 kowace daƙiƙa, watau cikakken kewaye cikin minti 2. Idan mai ba da hanya ya yi umurni, matuƙi ya maimaita shi da bakinsa. Ta haka ake kama kuskure tun bai yi ɓarna ba.

Darasi mafi wuya shi ne sauka. Daga filin jirgi ake aiko saƙon rediyo, shi ke motsa allurai biyu. Ta tsaye tana cewa a yi dama ko hagu, ta kwance tana cewa a hau ko a sauko. Matuƙi ya riƙe su a tsakiya. A filaye da yawa, in saura kamar mita 60 ya taɓa ƙasa, sai ya ɗaga ido. Ya ga titi, ya sauka. Bai gani ba, ya ƙara wuta ya koma sama. Sabon shiga yakan ce bari ya ƙara saukowa kaɗan. Nan abokansa ke tsawata masa, domin wannan "kaɗan" ta kashe matuƙa na gaske. Bayan an gama, sai su duba hanyar da ya bi, su nuna masa inda ya kauce, ya sake.

Kujerar ɗaki ba ta motsi, saboda haka ba ta sa jiri. Wasan kuma ba ya ba mutum takardar izinin tuƙi. Amma wanda ya je makarantar tuƙi daga baya yakan tarar ya riga ya san agoguna da ƙa'idodin magana.

Tambayoyi

1. Don me matuƙi ba ya yarda da jikinsa cikin hazo?
2. Wa ya ƙera akwatin koyon tuƙi, a wace shekara?
3. Jirgi yana juya digiri 3 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa nawa zai yi kafin ya juya digiri 90?
4. Me ya sa matuƙi ke maimaita umurnin da aka ba shi?