Kifin Ƙanƙara a Kasuwar Shinkafi: Daga Ina Yake Zuwa?

Duk wanda ya ratsa layin masu kifi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai tarar da kifi iri biyu suna neman kuɗinsa. Ga baƙar banda ta tarwaɗa, an lanƙwashe ta wutsiya a baki, tana ƙamshin hayaƙi. Ga kuma ɗanyen kifin kwali, mai zanen shuɗi a gadon baya, wanda 'yan kasuwa ke kira Titus, ƙanƙara na narkewa a jikinsa. Tarwaɗar tana iya zama ta Gulbin Gagare ko Bunsuru ko madatsar ruwan Bakalori da ke kusa da Talatar Mafara. Shi kuwa Titus, yawancinsa daga arewacin Tekun Atlantika yake, ruwan da ke tsakanin Norway da Birtaniya da Ayilan, inda sanyi ke sa masunta sanya tufafi bisa tufafi.

Abin da ya ba shi damar isowa Zamfara ba tare da ya ruɓe ba ya faru ne tun yana tsakiyar teku.

Kifi ba ya jiran kowa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne, naman kuma laushi gare shi. Yana mutuwa ƙwayoyin cutar da ke fatarsa da hanjinsa su kama aiki, sinadaran da yake narkar da abinci da su kuma su juyo kan namansa. A zafin bazara na Ƙaura Namoda, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kamun asuba kan fara sauya wari kafin la'asar. Saurin lalacewar kifi ne ya sa wasu manyan kamfanonin kamun kifi na Turai suka daina jiran komawa gaɓa, suka ɗora masana'antar sarrafa shi kacokan a kan jirgi. Jirgin Fairtry, wanda aka ƙera a Aberdeen ta Sikotland ya fara aiki a 1954, shi ake ɗauka a matsayin na farko da aka gina musamman don wannan aiki. Na baya-bayan nan sun ninka shi girma: Atlantic Dawn da aka kammala a shekarar 2000, wanda yanzu ake kira Annelies Ilena, tsawonsa mita 144, kuma cikinsa na ɗaukar daskararren kifi kimanin tan 7,000.

A irin waɗannan jirage, idan taru ya cika ba a ɗago shi da hannu. Ƙaton bututu ake zura masa, a zuƙo kifin zuwa tankunan ruwan teku da aka sanyaya har kusan digiri sifili. Daga nan bel ya ɗauke shi zuwa na'urar da ke ware manya da ƙanana, sai a danna shi tsakanin faifan ƙarfe masu tsananin sanyi. Cikin 'yan sa'o'i ya zama dunƙule guda mai nauyin kilo 20 ko fiye, a sa shi a leda da kwali, a sauke shi ɗakin ajiya da sanyinsa ya wuce digiri 18 ƙasa da sifili. Titus da shawa da kote da ake kawowa Najeriya galibi da kai da hanjinsu ake daskarar da su. Wasu jiragen kuma, musamman masu kama farin kifi a tekun Alaska, suna feɗe shi su cire ƙaya, ragowar kai da hanji su niƙa su zama garin kifi na abincin kaji, su kuma tatsi mai.

Saurin daskarewar nan shi ne sirrin. Ba'amurke Clarence Birdseye ya lura a Labrador cewa kifin da ya daskare nan take cikin iskar hunturu yakan dawo da ɗanɗanonsa idan ya narke, kuma a shekarun 1920 ya ƙera na'urar da ke yin hakan. Idan ruwan jikin kifi ya daskare da sauri, ƙanƙarar da ke fitowa ƙanana ce ƙwarai. Idan a hankali ne sai ta yi manyan tsini ta yayyaga naman, shi ya sa kifin da ya narke aka sake mayar da shi firiza yake dagargajewa a cikin mai.

Masuncin Gagare da Bunsuru ma gudun lokaci yake yi, sai dai shi da wuta yake yaƙi. Akan wanke tarwaɗa, a cire hanji, a jera ta kan waya bisa tanda ko rabin duro, a hura itace. Zafi na korar ruwa, hayaƙi na kashe ƙwayoyin cuta, kuma banda da ta bushe sosai kan yi makonni. Matsalarta ita ce hayaƙi mai yawa na barin sinadarai masu illa a jikin kifi, sannan ƙwari na shiga wanda bai bushe ba. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba maganin ƙwari irin su Sniper a kayan abinci. An samu gyara a wasu wurare: tandar Chorkor da aka ƙirƙira a Gana a 1969 tana rage cin itace, kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa ta fito da nata samfurin tandar.

Buƙata ce ta sa kifin kwali ya mamaye kasuwa. Alƙaluman gwamnati na nuna Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba. Gulaben arewacin Zamfara kuma na damina ne, da rani sai tafkuna da kududdufai.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen tafiyar. Kwalin da ya sauka tashar jiragen ruwa ta Legas sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 a motar sanyi kafin ya iso ɗakunan ajiya na Gusau. Daga nan zuwa Ƙaura da Zurmi da Shinkafi sau da yawa a ƙaramar mota ko bayan babur yake ƙarasawa, ga wutar lantarki ba tabbas, ga matsalar tsaro da kan tsayar da matafiya a hanya. Titus na cikin kifayen da, idan suka ɗauki zafi, ƙwayoyin cuta ke haifar da sinadarin histamin a namansu. Suya ba ta kashe shi, kuma yana sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da zawo jim kaɗan bayan ci.

Mata masu suyar kifi a bakin tasha suna da nasu gwajin kafin su biya kuɗi. Sukan duba ido, ya zama a sarari ba a lotse ba, su danna yatsa a gadon baya su ga ko naman zai taso, su ɗaga marfin kunne su tabbatar cikinsa ja ne. Kwalin da ya jiƙe ya bushe, ko aka ga jini ya daskare a ƙasan ledarsa, alama ce ya taɓa narkewa a hanya, kuma irin wannan sukan mayar wa dillali ko da ya rage musu farashi.