Hoton takarda ba takarda ba ne

Kawuna ya fi shekara ashirin yana aikin ofis a wata jami'a a nan Accra. Kullum daga sallar asuba sai tashar trotro ta Nima. Da hawan jinin ido ya cinye ganinsa mun zaci aiki ya ƙare, sai wani yaro ɗan Maamobi ya sa masa NVDA a kwamfuta, manhajar kyauta da ke karanta rubutu da murya. Ya koma bakin aikinsa.

Matsalar daga abokan aiki ta ɓullo. Za a buga sanarwa, a sa hannu, a ɗauki hotonta da waya, a jefa a WhatsApp. Mai ido ya ga takarda. Manhajar kuwa hoto kawai take gani, ba harafi ko ɗaya. Haka ranar rufe neman ƙarin girma ta wuce shi. Da daddare ya miƙo min wayar: "Ɗana, duba min, me suka ce?" Na karanta, wallahi na rasa bakin faɗa masa.

Dokar naƙasassu ta Ghana mai lamba 715, ta 2006, ta ba da shekara goma a gyara gine-ginen jama'a. Ana ta maganar matakala, an manta da fayil. Alhali wannan gyaran ba ya cin ko sidi ɗaya: a tura rubutun Word ɗin kansa, in akwai hoto a rubuta layi guda da ke faɗin abin da ke ciki.

Yanzu sakatariyar sashensu tana turo masa duka biyun. Na sauran sassan, har yau ni ke karanta masa bayan isha'i.