Ƙaramar Kwamfuta: Batir Kafin Suna

Ƙofar 'Yandaka, wadda Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta cikinta a 1903, yau mashiga ce ta malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin birni da garuruwan hanyar Batsari. Mai irin wannan yawo yana bukatar kwamfutar da za ta shige jaka, ta hau keke napep ba tare da ta zama kaya ba.

Kamfanin Asus ne ya buɗe kasuwar irin waɗannan ƙananan kwamfutoci a 2007 da Eee PC, mai fuskar inci 7. Acer da HP suka biyo baya da masu inci 10, nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Zuwa ƙarshen 2012 manyan wayoyi da kwamfutocin allo sun ci kasuwarsu, Asus da Acer suka daina ƙera su. Saboda haka duk wadda aka gani a shago yau ta hannu ce, kuma ta sha jiki.

To, me mai saye zai duba? Batir ne farko. Kada ya yarda da "ai tana riƙe caji." Ya sa a zare waya, a kunna ta a gabansa, ya ga yadda cajin ke sauka. Mai batir ƙwaya shida ta fi mai uku daɗewa, kuma inda wutar KEDCO ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ya fi sunan kamfani amfani. Na biyu madannai: ya buga sakin layi guda, don wasu sun matse har yatsa na danna biyu. Na uku ƙwaƙwalwarta, wato RAM: yawancinsu da giga 1 suka zo, ana iya kai su 2.

Aikinta rubuta wasiƙa, lissafin shago, shirya sakamakon ɗalibai, da atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Tace bidiyo ya fi ƙarfinta. Windows 7 da yawancinsu ke ɗauke da ita kuwa Microsoft ya daina kula da tsaronta tun Janairun 2020, don haka kada a shiga asusun banki da ita sai an sa mata Linux marar nauyi.

Zafin bazara da ƙurar hunturu ne ajalinta. Kada a ɗora ta kan katifa, domin kafar iskarta na toshewa. Muhimman takardu kuma a riƙa kwafe su a filashi duk mako.