Chari Maigumeri, Sojan Sarakuna Biyu

Mai karatu, a ce an kama ka a fagen fama an ƙwace bindigarka, bayan ɗan lokaci waɗanda suka kama ka su miƙo maka tasu, su ce juya ka fuskanci tsofaffin iyayen gidanka. Me za ka yi? Kada ka yi gaggawar amsawa, domin wani ɗan Barno mai suna Chari Maigumeri ya tsinci kansa a wannan hali.

Yana saurayi ya shiga sojan Jamus, lokacin da Kamaru ke hannunsu. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sojojin Najeriya ƙarƙashin Ingila suka afka wa Garwa a bakin kogin Binuwai, aka koro su da asara mai yawa. Chari yana ɓangaren masu tsaron Jamus, kuma jarumtarsa ta sa Jamusawa suka ba shi lambar nan tasu ta Gicciyen Ƙarfe. A watan Yunin 1915 aka sake kewaye Garwa, ta faɗi, Chari ya zama fursunan yaƙi. Ka ɗauka nan labarin ya ƙare?

A 1917 sai ga shi cikin kakin rundunar Najeriya, an kai shi Gabashin Afirka. Wa zai yaƙa a can? Jamusawa, ƙarƙashin kwamandansu Lettow-Vorbeck wanda ya gagari Ingila har ƙarshen yaƙin. Wani zai ce wannan cin amana ne. Ni ban ga haka ba. Turawa ne suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a takarda, suka raba Barno da Adamawa gida biyu, ba su shawarci kowa ba. Yaron da aka wayi gari aka ce wannan gefe na Jamus ne, wancan na Ingila, amanar wa ke wuyansa? Abin da ya riƙe shi ne aikin soja, kuma ya riƙe shi da gaske, har ya kai muƙamin samanjan bataliya ta uku.

Shekara ashirin da ɗoriya, sai Hitila ya sake kunna wa duniya wuta. Wannan karon yaƙin ya shigo har gida. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, tana kawo labarin wane gari ya faɗi, wane jirgin ruwa aka nutsar. Jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi suna sauka a Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Sarakuna suna taimakawa wajen ɗibar samari, daga birni har ƙauyuka irin na ƙasar Rano. Da Hausa ake ba da umarni a bariki, saboda haka manomin da bai taɓa ganin teku ba sai ya ji kansa cikin jirgin ruwa, samanja yana masa tsawa da harshen uwarsa.

Da kai ne Chari, ga shekaru sun fara ja, ga yaƙi guda ka riga ka gani ta fuska biyu, ba za ka nemi hutu ba? Shi gaba ya yi. A Fabrairun 1941 sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu, suka fatattaki Italiyawa, suka bi su cikin hamada da duwatsu har Harar ta ƙasar Habasha cikin wata guda. A wannan yaƙi ne Ingila ta ba Chari lambarta ta jarumtar soja. Tsaya ka duba: ƙirji ɗaya, yabon Jamus da yabon Ingila, ƙasashen da a daidai wannan lokaci ke ruwan bama-bamai a kan biranen juna.

Sojojin Najeriya ba su gama hutawa ba aka ce sai Burma, inda Japanawa ke jira. Can babu hanyar mota. Daji ne mai duhu, da ruwan sama na watanni, da zazzaɓi, da tsaunukan Arakan da ake hawa da kaya a ka. Abinci daga jirgin sama ake jefo shi. Runduna ta 81 da ta 82 ta Yammacin Afirka suka kutsa haka har suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Da yawa ba su dawo ba, iyayensu ba su ma san inda aka binne su ba. Chari ya dawo, da ƙarin lambar yabo.

Ga abin da ke sosa mini rai. Mutumin da ya yaƙi Ingila, da Jamus, da Italiya, da Japan, wanda ya horar da dubban kurata, dole ya sara wa ƙaramin hafsa Bature da aka haifa bayan faɗuwar Garwa. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya muƙamin hafsa. Kai da za ka iya haɗiye wannan shekara da shekaru?

A 1953 yana cikin sojojin da suka je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth. A shekarar ya ajiye aiki bayan shekara 36 a rundunar, kuma a lokacin sallama ne aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja da ke Lakwaja yau sunansa yake ɗauke da shi.