Mini ta Turin da Golf ta Hanyar Gwaram

A 1969 aka saki fim ɗin The Italian Job a Ingila, Michael Caine ne jarumin. Gungun ɓarayi ne suka sauka Turin ta ƙasar Italiya, suka rikita kwamfutar da ke sarrafa danjar gari, cunkoso ya cushe ko'ina, su kuwa suka yi awon gaba da zinaren dala miliyan 4. Motocin gudun su ne suka zauna a zukatan masu kallo: Mini Cooper uku, ja da fara da shuɗiya, suna gangara matakala, suna hawa rufin masana'antar Fiat, suna kutsawa cikin magudanar ruwa, 'yan sanda na bin su a banza. Har gobe Turawan Ingila na begen waɗannan motoci.

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga tashar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san 'yar'uwarsu, wato Golf. Zumuntar ta gaske ce. Rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin mai a Ingila, shi ya sa Alec Issigonis ya ƙera Mini, ta fito a 1959. Ya kwantar da injin a gicciye, ya sa tayoyin gaba su ja motar, don wuri ya rage wa mutane. Da Volkswagen ta tashi maye gurbin Beetle a 1974, wannan tsarin ta bi, kuma wanda ya zana jikin Golf, Giorgetto Giugiaro, a yankin Turin ɗin yake da kamfaninsa.

A lodi suka rabu. Mini ta ɗauki zinare ne a gaban kyamara kawai. Ko a sabon fim ɗin na 2003, sai da ɓarayin suka kai motocin wurin makanike ya ƙarfafa su kafin a loda musu kaya. Golf kuwa kullum ne. Gaba biyu, baya huɗu, ɗan kamasho na cewa a matsa saura mutum ɗaya. But a buɗe, an ɗaure shi da igiyar roba a kan buhunan riɗi, wani lokaci akuya na leƙowa ta tsakani. Bayan motar ya durƙusa, salansa na neman taɓa kwalta, direba ya yi bismilla ya sa giya. Yawancinsu ma sun gama rayuwa guda a Turai kafin su iso ta Kwatano.

Ba zan ce Golf ta kai Mini kyau ba, kuma lodin nan ganganci ne da ke cin rayuka. Amma aikin da Issigonis ya yi wa Mini tanadi, kai talaka inda za shi da mai kaɗan, Golf ce ke yin sa, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ita Mini tun 2000 aka daina ƙera ta asalin, ta koma kayan ado da gasar tsofaffin motoci.

Akwai wurin da direban Gwaram ba zai yafe wa fim ɗin ba. Bayan an juye zinaren cikin bas, ɓarayin suka tunkuɗa motocin uku daga saman tsaunukan Alps, lafiyarsu ƙalau. A nan ko Golf ta mutu murus, gilashinta da giyabos ɗinta sai sun sake hawa hanya a jikin wata.